Hujjojin Samuwar Allah: Abin da Muridi Zai Riƙe Idan Gardama ta Tashi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda samuwarSa ba ta jiran shaidar kowa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa.

Bayan haka, duk yaron da ya kai ajin tarminal a Nijar, a Maraɗi yake ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, sai ya zauna gaban malamin falsafa. A nan ne da yawa daga cikin ƴaƴan zawiya suke fara jin an ɗora samuwar Allah bisa tebur ana tambayar dalili. Yaron da ya tashi yana jin wazifa tun yana goye bai taɓa zaton wannan abin tambaya ba ne. Da dare ya je fada, ana dafa shayi, wani aboki ya buɗe salula ya nuna bidiyon wani wanda ya bar addini, ya ce to, ku masu carbi, ku ba da amsa. Wani ya yi fushi ya tashi. Wani ya kawo amsar da shi kansa bai gamsu da ita ba. Wani kuma ya yi shiru ya tafi gida da abin a ransa, ba ya iya gaya wa mahaifinsa, yana jin kunyar muƙaddami. Domin wannan na ukun aka rubuta wannan darasi.

Ya kamata ya fara sanin cewa tambayar ba baƙuwa ba ce a gidan Musulunci, kuma amsarta tana cikin littattafan da ke jibge a zauren malaminsa. Imamu Muhammadu bin Yusuf as-Sanusi, mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya rubuta ɗan littafin tauhidin nan Ummul Barahin da almajirai suke hardacewa tun daga Magrib har Borno. Ya buɗe shi da hukuncin hankali guda uku: wajibi, abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, abin da hankali ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duka suke yiwuwa. Wanda ya fahimci waɗannan uku da kyau ya riga ya riƙe mabuɗin mafi yawan gardamar da ake yi a aji da faransanci, sunaye ne kawai suka canja.

Hujjar malaman tauhidi ita ce hujjar faruwa. Duniya fararriya ce, wato da ba ta nan sannan ta samu. Duk fararre kuwa sai da mai farar da shi, domin kafin ya samu, samuwarsa da rashinsa daidai suke, kamar sikelin mahauci da babu komai a kai. Idan aka ga gefe ɗaya ya rinjaya, to an ɗora wani abu. A ce gefen ya rinjaya da kansa alhali sikelin yana daidai, wannan haɗa kishiyoyi biyu ne. Da wuya a sami mai musun wannan rabin. Inda ake kokawa shi ne ɗaya rabin: da me aka san duniya fararriya ce? Malamai suka ce jiki ba ya rabuwa da motsi ko tsayuwa, su kuwa motsi da tsayuwa ana ganin faruwarsu da ido, wannan ya tafi wancan ya zo. Abin da ba ya rabuwa da fararre shi ma fararre ne.

Ibnu Rushdi na Kurɗuba, alƙali Bamalike wanda ya rasu a 1198, ya sa yatsa daidai kan raunin wannan magana. Ya ce a bambanta: jiki ba ya rabuwa da wani motsi guda sananne, ko kuwa ba ya rabuwa da jinsin motsi, wannan bayan wancan? Idan na biyu ake nufi, mai musu zai ce kowane motsi fararre ne, amma jerinsu ba shi da farko. Ke nan hujjar gaba ɗaya ta koma kan tambaya guda: shin jerin abubuwa marar farko yana yiwuwa? Malamai suna kiran wannan tasalsuli, kuma sun ce mustahili ne. Al-Kindi ya yi magana a kai a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma kafinsa wani Kirista mutumin Iskandariyya, wanda Larabawa suke kira Yahaya an-Nahwi, ya kafa irin wannan hujja a ƙarni na 6. Imamu Gazali ya kawo misali mai kaifi a cikin Tahafutul Falasifa, wanda ya gama a 1095. Bisa ilimin taurari na zamaninsa, rana tana gama zagayenta a shekara ɗaya, Zuhal kuwa sai a shekara 30. Idan duniya ba ta da farko, zagayen rana ba shi da iyaka, na Zuhal ma ba shi da iyaka, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau 30. Yaya marar iyaka zai fi marar iyaka yawa?

Ɗalibin lissafi a Jami'ar Abdu Mumuni zai ɗaga hannu a nan, kuma yana da gaskiyarsa. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bajamushe masanin lissafi, Kantor, ya nuna cewa ana iya jera 1, 2, 3 ba iyaka, a jera 30, 60, 90 ba iyaka, a aurar da kowace lamba da abokiyarta ba tare da wata ta rage ba. A lissafi ke nan jerin biyu girmansu ɗaya, babu warwara. Masu kare hujjar faruwa a yau suna amsawa da cewa abin da ya daidaita bisa takarda ba dole ne ya yiwu a cikin kwanaki da darare na gaskiya ba, kuma da kwanakin da suka shige ba su da farko, da ba a iso yau ba, kamar mai hawowa daga rijiyar da ba ta da gindi. Amsa ce mai ƙarfi, amma ba ta rufe bakin kowa ba, har yanzu masana suna ja. Abin lura shi ne wani Ba'amurke Kirista, Wiliyam Kireg, shi ya sake fito da wannan hujja a 1979 a cikin littafin da ya sa wa sunan ilimin kalam, yana jingina ta ga Kindi da Gazali. Jikokin masu littafin sun bar shi a ƙura, baƙo ya kakkaɓe.

Akwai kuma masu gaggawar cewa kimiyya ta gama maganar, tun da masana sun ce sararin samaniya ya fara da babbar fashewa kimanin shekara biliyan 13.8 da suka wuce. A yi hattara. Wanda ya fara kawo wannan ra'ayi a 1927, Lemetir, limamin coci ne ɗan Beljiyam, amma da Fafaroma ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar abin a matsayin shaidar halitta, Lemetir bai ji daɗi ba, ya nemi a daina haɗa su. Ya san kimiyya tana gyara kanta. Wanda ya ɗaura imaninsa a ƙafar wani bincike, ranar da binciken ya motsa sai imanin ya bi shi.

Hujjar da ta fi wuyar karyawa ta fito ne daga hannun mutumin da Gazali ya fi yi wa raddi, wato Ibnu Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a 980, ya rasu a Hamazan a 1037. Shi bai tsaya kan ko duniya tana da farko ba. Ya ce a dubi samuwa kanta. Duk abin da yake akwai, ko dai samuwarsa daga zatinsa take, ko kuwa aro ce. Mutum, gero, rana, ƙasa, duk ana iya ƙaddara rashinsu ba tare da hankali ya tsage ba, saboda haka samuwarsu aro ce. To a ƙaddara wani ƙauye lokacin bazara, kowane gida an tuƙa tuwo, kuma kowane gida aka tambaya sai su ce tiyar hatsin ranto ta suka yi daga maƙwabci. A zaga gida goma, a zaga dubu, a ce ma gidajen ba su da iyaka. Idan babu ko gida ɗaya mai rumbu na kansa, daga ina hatsin ya shigo garin? Yawan masu rance ba ya haifar da ƙwaya ɗaya. Tun da ga tuwo a akushi, dole akwai mai rumbu. Shi ne Wajibul Wujudi, wanda samuwarSa ba aro ba ce.

Ƙarfin wannan hujja shi ne ba ta buƙatar a koma baya a nemo ranar farko. Tana magana kan yanzu. Gugan da ke rataye cikin rijiya, igiya ce ta riƙe shi, kowane taƙi na igiyar kuma na samansa ne ya riƙe shi. A ƙara wa igiyar tsawo gaba ɗari, ba za ta riƙe kanta ba, sai da hannu ko gungume a bakin rijiyar. Haka halitta take buƙatar Mahaliccinta a kowane numfashi, ba kamar magini ba da zai gama ɗaki ya tafi ɗakin ya ci gaba da tsayuwa. Wanda ya zauna da mutanen Allah zai ji wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa, ita ce suke kira faƙiranci na zati. Shi ya sa malaman Ash'ariyya na baya, tun daga Fakhruddin ar-Razi wanda ya rasu a 1210, suka karɓi wannan ma'auni na wajibi da mai yiwuwa suka shigar da shi littattafansu, ba tare da sun bi Ibnu Sina kan cewa duniya daɗaɗɗiya ce ba. Gazali ya kafirta masu falsafa a mas'ala uku daga cikin 20 da ya tattauna: daɗewar duniya, da cewa Allah bai san abubuwa ɗaiɗai ba, da musun tashin jikkuna. Samuwar Allah ba ta cikin abin da suka saɓa a kai.

A Turai, Laibniz ya maimaita irin wannan a 1714 da tambayarsa kan me ya sa akwai wani abu maimakon babu. Mafi shaharar martani kuwa shi ne na Batran Rasel, a muhawarar da ya yi da wani limamin Katolika, Koplestan, a rediyon BBC a 1948. Rasel ya ce don kowane mutum yana da uwa, ba a cewa jinsin ɗan Adam gaba ɗaya yana da uwa guda. Haka don kowane abu yana da sababi, ba dole duniya dungurungum ta zama tana da sababi ba. Duniya tana nan kawai, in ji shi, magana ta ƙare.

Sukar tana da kyau, sai dai ba kowane hukunci ne yake faɗuwa tsakanin yanki da jimla ba. Kowane tubali yaro yana iya ɗaukarsa, katanga kuwa ba ta ɗaukuwa. A nan hukuncin yanki bai hau jimla ba. Amma idan kowane tubali na laka ne, katangar ma ta laka ce, ba za ta wayi gari ta zama siminti don ta yi tsawo ba. Buƙata irin ta biyun ce: tarin mabuƙata mabuƙaci ne. Cewa kuma duniya tana nan kawai, wannan ajiye tambaya ne. Mutumin da ya yarda a nemi sababin zazzaɓi da na fari da na husufin wata, me ya sa zai hana a nemi sababi daidai wurin da tambayar ta fi girma? Rasel yana da ikon ya ƙi amsawa, amma ƙin amsawa bai zama hujjar rashi ba.

Daga nan amsar tambayar nan ta fada take fitowa, wai wa ya halicci Allah. Ba wanda ya ce duk abin da yake akwai sai da mai yinsa. An ce duk fararre, duk mai samuwar aro. Tambayar wa ya ranta wa mai rumbu tana nuna mai tambayar bai ji ma'anar mai rumbu ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin Shaiɗan zai riƙa jan mutum da tambayar wa ya halicci kaza har ya kai shi ga wannan, ya kuma yi umarni a nemi tsari a tsaya. Tsayawar nan hankali ma wurin ya tsaya. A Muslim kuma, sahabbai sun kai kukan abin da suke ji a zukatansu wanda suke jin nauyin furtawa, aka gaya musu wannan jin nauyin shi ne tsantsar imani. Yaron da ya koma gida da shiru ya riƙe wannan.

Hujjar Anselm, limamin ƙarni na 11, da Dekart ya sake kawowa a 1641, wadda take son ciro samuwar Allah daga ma'anar kamala kaɗai, ba sai an daɗe a kanta ba. Kant ya amsa a 1781 cewa kuɗi ɗari na cikin tunani da ɗari na cikin aljihu lissafinsu ɗaya, amma ɗaya ne kawai yake sayen abu. A san ta saboda jarabawar bak. Ba makamin fita fada ba ce.

Wadda ta fi kusa da zuciyar talaka ita ce hujjar tsari da kulawa, ita Ibnu Rushdi ya fifita, ya ce ita ce hanyar Alƙur'ani, mai kiran mutum ya dubi raƙumi da sama da ruwan sama. Manomin Maraɗi bai buƙatar a kai shi nesa, ga gawo a gonarsa. Duk itatuwa suna yin ganye da damina, shi sai ya zubar da nasa, rana ta sami geron da ke ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. Masanin tsirrai zai yi bayanin saiwarsa mai nisa da take kai wa ruwan ƙasa, kuma bayan littafin Darwin na 1859 zai ƙara da yadda halittu suke dacewa da muhallinsu a hankali cikin tsawon zamani. A nan ƴan'uwa da yawa suke kuskure, suna zaton dole su ƙaryata masanin kafin su tsira da imaninsu. Sanin yadda abu yake aiki bai kore wanda ya tsara ƙa'idar aikin ba. Aƙidar Ahlus Sunna ma ba ta taɓa musun ganin sabubba ba, tasiri na kansu ta hana su. Haɗarin yana ga mai cewa kimiyya ta kasa bayanin kaza, saboda haka Allah ne. Gobe idan ta yi bayanin fa? Hiyum, wanda aka buga littafinsa kan wannan a 1779 bayan rasuwarsa, ya ƙara da cewa tsari, ko an yarda da shi, gwanin magini yake nunawa, bai nuna shi ɗaya ba ne ko marar iyaka. Gaskiya ne hujjar tsari ita kaɗai ba ta kai nan. Sai an haɗa ta da ta Wajibul Wujudi da hujjar kaɗaitaka, cewa masu iko biyu cikakku ba sa haɗuwa, domin idan nufinsu ya saɓa dole ɗaya ya gaza.

To wanda bai san duk wannan ba fa, kamar tsohuwar da take tashi tun kafin asuba da carbinta? Wannan ma an taɓa gardamarsa a ƙasar nan, kuma ta yi zafi. A ƙarni na 18 an sami wasu ɗaliban tauhidi a ƙasar Hausa da suke tare talakawa da tambayoyin kalam, wanda ya kasa kawo dalili a tsarinsu su ce ba Musulmi ba ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, yankin da yake jihar Tawa a yau, ya tsaya musu tsayin daka, ya yi rubuce-rubuce a kai, daga ciki akwai Hisnul Afham. Hujjarsa ita ce Annabi da sahabbai sun karɓi shahadar mutane ba tare da sun titsiye su da hujjojin malaman kalam ba. Ɗalibin jami'ar da ya koyi tasalsuli jiya, ya fara kallon kakarsa a matsayin mai raunin imani, ya faɗa ramin da Shehu ya cike. Ana ba da labarin wata tsohuwa da aka gaya mata Razi yana da hujja dubu kan samuwar Allah, ta ce da ba shi da shakka dubu da bai nemi hujja dubu ba. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, malamai sun so shi don sun gane kansu a ciki.

Gazali da kansa shaida ne. Ya ba da labari a cikin Munƙiz cewa ya yi kusan wata biyu cikin shakkar da ta kai shi ga tuhumar gani da ji da hankali, kuma abin da ya warkar da shi haske ne da Allah Ya jefa a ƙirjinsa, jera hujjoji bai yi ba. Daga baya, a 1095, yana shugaban malaman Nizamiyya a Bagadaza, harshensa ya ɗaure ya kasa karantarwa, ya bar kujera ya tafi Sham ya shiga halwa, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. Mutanen Allah suna cewa dalili ana kafa shi ne don abin da ya ɓoyu, kuma Ibnu Aɗa'illah, wanda ya rasu a 1309, ya bambanta mai kafa hujja da halitta don ya kai ga Allah da wanda ya san Allah sannan yake ganin halitta da Shi. Wanda ya ga hayaƙi ya san akwai wuta, wanda ya ga harshenta ya fi shi, wanda ya ji zafinta a jikinsa ba a yi masa gardama. Wannan mataki na ƙarshe shi tarbiyya a hannun shehi take nufa.

Sai dai a faɗi gaskiya: zauƙi hujja ne ga mai shi kaɗai. Muridin da aboki ya tambaye shi dalili ya ce ai mu mun gani, bai ba shi komai ba, kuma abokin zai ce masu bautar wani abu daban ma suna cewa sun gani. A fada, da hankali ake magana da mai hankali, cikin ladabi, a kuma yarda a ce ban sani ba idan ba a sani ba. Gazali ya lissafa cututtukan da muhawara take haifarwa a cikin Ihya, hassada da girman kai da riya na ciki, kuma mai wuridi ya fi kowa sanin yadda suke cin lada. Idan an ga abokin neman rinjaye yake, a bar shi. Idan kuwa an ga ciwo ne yake magana a bakinsa, a zauna da shi.

Sau da yawa ma ciwon ba na tasalsuli ba ne. Saurayin da yake yaro lokacin yunwar 2005, ya ga abin da ta yi wa ƙananan yara a yankin Maraɗi, idan ya ce ina Allah, ba farkon duniya yake tambaya ba. Irin tambayarsa ce ta girgiza Turai bayan girgizar ƙasar Lisbon ta 1755, har Bolter ya rubuta Kandid a 1759 yana yi wa mabiya Laibniz ba'a. Hujjar rumbu da ta gawo ba su taɓa wannan wurin ba, kuma kuskure ne a miƙa masa su. Mas'alar sharri da ƙaddara ce, darasinta daban, zai zo in Allah Ya so.